Makon da Uwar Ƙafa Ta Ajiye wa Mijinta

Idan kana neman Uwar Ƙafa, ba sai ka tambayi kowa ba. Bi hanyar masu ziyara har inda kwalta ta ƙare aka fara hawan dutse, ka duba gidan ƙarshe a hannun hagu, mai rumfar kwano da dogayen bencina. Tun kafin ka hango rumfar za ka ji muryarta, domin ba ta iya wanke ƙafar mutum bakinta a rufe ba.

"Sabon takalmi! Wa ya aike ka? Duk takalman da ke gidanku ba ka ga na sawa ba sai wanda ko ledarsa ba a cire ba? Miƙo nan, ka daina murɗe-murɗe, ai ba yanka ka zan yi ba."

Sana'arta ke nan. Can a ƙololuwar dutsen akwai kushewar wani bawan Allah a ƙarƙashin wata farar ƙubba, kuma mutane na tako ƙasa daga garuruwa masu nisa don su ziyarce ta. Duk mai zuwa da ƙafa sai ya bi ta ƙofar gidanta, kuma kafin ya iso nan tafin ƙafarsa ya gama yin bororo, farce ya yi baƙi, diddige ya tsage. Ita ce za ta tsoma ƙafar a robar ruwan ɗumi da gishiri, ta ƙona bakin allura, ta huda bororon ta gefe, ta matse ruwan da auduga, ta shafa aidin, ta naɗe da bandeji. Mutum na ihu tana yi masa faɗa, yana gama ihun kuma ya tashi yana sa mata albarka.

Ba da wannan sana'a aka haife ta ba. A gidan miji ta tarar da ita, a hannun surukarta, wata tsohuwa mai ƙarancin magana da ta fara da ba matafiya ruwan sha, har abin ya kai ga wankin ƙafa. Tana amarya ta fara da riƙe roba tana toshe hanci. Da tsohuwa ta rasu sai ta gaji almakashinta da kujerarta 'yar tsugunno, ta ƙara da abin da tsohuwa ba ta da shi, wato baki. Shekara talatin da ɗoriya tana sunkuye, har bayanta ya saba. Ba ta riƙe fuska, amma ta kan gane ƙafar da ta taɓa ɗaurewa ko bayan shekaru.

Da ƙafa ma take sanin lokacin hutu, ba ta buƙatar rediyo. In ta ga tafin ƙafa mai laushi kamar na jariri, ta san an ba ma'aikatan ofis hutu. In ta ga silifas da tsinkakkiyar igiya an ɗaure da waya, ɗalibai ne aka sallamo. Babban hutun makarantu kuwa shi ne tashin hankalinta. A lokacin hanya kan cika maƙil ba masaka tsinke, layi ya tashi daga rumfarta har bakin famfon unguwa, ruwan zafi ya ƙare, auduga ta ƙare, haƙurinta da ma ba shi da yawa. Abinci a tsaye take cin sa, in ma ta tuna.

Mijinta mutum ne shiru-shiru, siriri, mai tsabtar riga. Mai Ƙararrawa ake ce masa, saboda shi ke gadin makarantar firamare da ke ƙasan gari, shi ke buga ƙararrawar shiga da ta tashi tun yana saurayi. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, mutanen nan biyu da ke kwana a gindin dutsen, babu wanda ya taɓa hawa. Tun suna sabon aure ya ce mata ba zai hau ba sai tare da ita, da ƙafa, kamar kowa, don shi a wurinsa ziyara a mota yawon buɗe ido ce. Ta yi dariya ta ce to, ai dutse ba gudu zai yi ba.

Sai ga yadda abin ya riƙa kasancewa. Ranar da aka rufe makaranta ya rataye sandar ƙararrawa, ranar ce hanya ke ɓallewa, ita kuma ba ta ɗaga kai sai an koma. Ranar da aka koma hanya ta yi fayau, bencinta ya huta, shi kuma yana bakin ƙofar makaranta tun da sassafe. Asabar da Lahadi kuwa ba a magana, na kusa ne ke tururuwa. Duk shekara zai tsaya bakin rumfa da hannu a baya, ya ce, "Bana fa?" Ita kuma, da ƙafar wani a cinyarta, ta ce, "Malam, kana dai gani da idonka. Baɗi in Allah ya kai mu." Baɗin nan ta haifi 'ya'ya, ta yaye su, ta aurar da manyan, ta bar musu Auta kaɗai a gida.

Idon nasa ne kuwa ya fara tafiya. Ta fara lura ne da magariba, ranar da ya tsiyaya shayi a gefen kofi ya ci gaba da tsiyayawa. Wata rana ya yi karo da bencin da ke wuri ɗaya tun zamanin uwarsa. Da ƙyar aka lallaɓa shi Auta ta raka shi asibiti a birni. Ya dawo yana murmushi, ya ce ɗan dundumi ne kawai, an ba shi magani na ɗigawa. Auta ce ta ja uwar zuwa bayan ɗaki, tana share hawaye da bakin mayafi.

"Inna, likita ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa, ba a aiki a kanta. Yanzu da hasken rana sosai yana gani, rana na yin sanyi shi ke nan. Ya ce kada mu sa rai da baɗi. Baba ya sa na rantse ba zan faɗa miki ba."

Uwar Ƙafa ta zauna a kan turmi. Tsoro ya kama ta, haushin kanta kuma ya fi tsoron yawa. Ba ta nuna masa ta sani ba, don ta san mutumin da take aure: gara ya faɗa rami da a ce an riƙe masa hannu don tausayi. Da ya shigo sai ta ce masa, kamar da wasa, bana kam ta gaji da ƙafafun mutane, za su hau dutse ko da rumfar za ta rushe. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Allah ya sa."

Ta san makon da za ta zaɓa, don ba wanda ya kai ta sanin hanyar nan. Mako na biyu bayan an koma makaranta, iyaye sun koma neman na litattafai, ma'aikata sun koma kujerunsu, hanya kan zama kamar an share. A irin wannan mako mutum kan bar ƙofarta da asuba ya isa ƙubba rana na tsaka, ya zauna ya yi addu'arsa a tsanake. Daga shi sai ruwa ya sauka, masu kula da wurin su rufe hanyar dutse saboda santsi, sai wata shekara. Mako ɗaya ne tak, kuma shi ta ajiye wa mijinta.

Abin da ta manta shi ne bakinta. Wannan sirrin ba sirri ba ne, domin ba ƙafar da ta taɓa ɗaurewa a cikin cunkoso ba ta haɗa wa mai ita da shi ba. "Ku duk sai an yi hutu kuke tuna Allah? Mai hankali mako na biyu bayan komawa makaranta yake zuwa, daga shi sai tsuntsaye!" Shekara da shekaru tana faɗa ba wanda ya ji, shi ya sa ta ɗauka iska take yi wa magana. A babban hutun da ya wuce wata budurwa ta ɗauke ta a waya tana cikin wannan faɗan, da allura a hannu. Auta ta nuna mata cewa abin ya bazu, mutane na ta dariya suna turawa. Ta yi tsaki ta ce marasa aikin yi, ta ci gaba da yankan bandeji.

Da kanta ta je wurin hedimasta, ta sa mayafinta na zuwa biki. Mutumin ya yi ta juya biro yana cewa yanzu aka dawo, yara sababbi ba su san ƙofa ba, wa zai buga ƙararrawa? Ta haɗiye abin da ya zo mata baki, wanda da ta faɗa da har yau ana labarinsa, ta ce, "Ranka ya daɗe, tun kafin a haife ka yake buga ta. Yini guda nake roƙo." Ya ba da yini gudan, ranar Laraba, da sharaɗin washegari a gan shi a bakin aiki.

Tun farkon makon ta ga alamar da ba ta yi mata daɗi ba. Ƙafafu sun fi na kullum yawa, kuma masu laushi ne. Ta ce wa kanta ragowar hutu ne, za su wuce. Ranar Laraba da asuba ta zare sakata, sai ta tsaya da ƙofa a hannu. Bencinta cike da mutane, wasu a kwance kan jakunkunansu, hanya kuwa baƙi ƙirin da kawuna har iyakar gani.

"Innalillahi! Hutu aka bayar ban sani ba? Wani babba ne ya mutu?"

Wani mai tumbi da hular rana ya taso yana washe baki. "Inna, ai ke ce! Ku zo ga ta nan! Wallahi saboda maganarki na ɗaga hutuna na shekara zuwa wannan makon. Duk ofishinmu haka muka yi. Har masu motocin haya sun sa masa suna, makon Uwar Ƙafa."

"Makon uwar wa?"

"Naki mana, Inna. Kin ce daga mu sai tsuntsaye."

"To ga tsuntsayen nan, ka gan su!"

Ta koma ciki. Da wa za ta yi faɗa? Shekara talatin tana yi wa mutane wa'azi ba su ji ba, sai a shekarar da take roƙon Allah kada su ji. Mai Ƙararrawa na zaune bakin gado, ya riga ya sa tsohon takalminsa da ta shafe masa da mai tun jiya, ya ɗaura gorar ruwa. Ya ɗaga kai yana jiran hukuncinta. Ta ce, "Tashi mu tafi. Ko a kan kawunansu ne sai mun hau." Ta bar wa Auta rumfa, ta rantse yau ba za ta taɓa ƙafar kowa ba. Allura da aidin da ɗan bandejin da ta ƙulla a jaka, na mijinta ne, ko da tsautsayi.

Ba tafiya ake yi ba, jan ƙafa ake. Ka yi taku kaɗan ka tsaya, jakar na gaba a hancinka, sandar na baya a diddigenka. Wasu na waƙoƙin yabo, wasu na ɗaukar kansu hoto a tsakiyar hanya kamar ta gadon ubansu ce. Ta sa shi a gabanta tana buɗa masa hanya da murya, tana duban rana tana duban ƙeyarsa. Shi kuwa sai kalle-kalle yake kamar yaro, yana nuna mata rufin makarantarsu daga sama, yana cewa ashe haka filin ƙwallon yake a karkace. Ganin yana gani ya ɗan sanyaya mata rai.

Sai aka fara gane ta. "Uwar Ƙafa ce! Inna, don Allah ɗan duba min nan." Ta ce ba ta aiki yau. Wani ya cire safa ya miƙo mata ƙafa a tsakiyar hanya, ta ce ya mayar da abarsa kafin ta taka. Ta wuce na biyu, ta wuce na uku, tana jin ana cewa ashe a waya ne take da kirki. Bai dame ta ba, ta sha jin abin da ya fi wannan.

Da hantsi ya ɗaga suka iske wata tsohuwa a zaune kan dutse a gefen hanya, ita kaɗai, 'yan rakiyarta sun ɓace mata a cikin taro. Ta tuɓe takalmin roba, fatar tafin ƙafarta ta saɓule, jini da ƙasa sun cakuɗe, ƙudaje na bi. Ba ta roƙi kowa ba, kallon ƙafar kawai take. Uwar Ƙafa ta kawar da kai ta ja hannun rigar mijinta. Shi ne ya tsaya.

"Duba ta mana."

"Malam, rana."

"Rana na nan, ina za ta? In kika wuce wannan, ko mun isa ba za ki yi addu'a da natsuwa ba. Na san ki."

Ta so ta ce masa ranar ce ba ta nan, ita ce duk abin da ya rage masa. Ba dama, sai ta durƙusa tana zagin takalmin roba da wanda ya ƙera shi. Ta wanke ƙafar da ruwan gorarsu, ta tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaure. Kafin ta ɗago, mutane sun kewaye ta, kowa da takalmi a hannu. Ga mai ciki da kumburarren idon sawu, ga wani dattijo mai ciwon suga da yatsa ya fara canja launi, wanda ko mahaukaci ba zai bar shi ya ci gaba da hawa ba. Ta yi ta cewa wannan ne na ƙarshe, na ƙarshen bai zo ba sai da bandeji ya ƙare ta yage gefen ɗankwalinta. Duk wannan lokaci Mai Ƙararrawa na tsaye yana riƙe mata kwalbar aidin, yana ba mutane haƙuri a kan bakinta.

Da ta miƙe, inuwa ta riga ta juya. Ta fizge jaka suka kutsa, amma gaba akwai wani matsatsi tsakanin duwatsu inda sai mutum ɗaya ke wucewa yana riƙe da sarƙa. Nan taron duka ya taru ya cushe. Masu kula da wurin, da rigunansu masu ɗaukar ido, suna sakin mutane kaɗan-kaɗan. Ta matsa wurin ɗayansu ta yi ƙasa da murya, abin da bai taɓa haɗa ta da kowa ba, ta ce mijinta ba shi da lafiya, a taimaka. Ya dubi mijin nata tsaye ƙyam da tsabtatacciyar riga, ya ce, "Inna, kowa nan da uzurinsa. Wa ya ce ku zo a wannan makon?" Ta koma layi kusa da mijinta.

A layin nan la'asar ta same su, a nan ta wuce. Tana kallon rana na sauka bayan dutse, ba abin da za ta iya. Ta lura ya daina nuna mata abubuwa. Da suka kama sarƙa sai ta ga yana laluben ta da hannu kafin ya riƙe, yana tura ƙafa a hankali yana neman matakala. Ya ce gwiwarsa ce ta gaji. Ta ce tata ma haka, ta sa kafaɗarta inda hannunsa zai same ta ba tare da ya nema ba.

Sun fito fili a saman dutsen bayan rana ta faɗi, sauran ɗan ja-ja a gefen sama. Ga ƙubbar can a hannun dama, ta fi yadda take zato girma, mutane na kewaye da ita kamar tururuwa. Masu kula na ta ɗaga murya cewa a yi addu'a a wuce, za a rufe, motocin sauka na jira a baya. Ta fara lissafin yadda za su kwana a nan ko a kan dutse ne, hedimasta ya yi abin da zai yi, gobe da hantsi ya gani da idonsa. Tana shirin faɗa masa ke nan sai ta ji ya saki kafaɗarta.

Ya yi gaba kaɗan, ya juya hagu, ya tsaya. A gabansa akwai wani babban tankin ruwa da aka lulluɓe da farin tamfol, an kunna fitila a kansa saboda masu alwala. Ya gyara hularsa, ya haɗa hannuwa a ƙirji, fuskarsa ta saki gaba ɗaya.

"Kai, masha Allah," in ji shi. "Fara tas. Kin ga abin da muka yi ta ɗagawa? Alhamdu lillahi, na gani. Yanzu ko gobe aka ce shi ke nan, na gani."

Ta fasa maganar kwana. In ta ce su jira safiya, sai ta faɗi dalili. Wasu samari biyu da ke wucewa suka dube shi, suka dubi tankin, ɗaya ya fara taɓa ɗan'uwansa. Ta watsa musu kallon da ya sa suka haɗiye dariyarsu suka yi gaba.

"Kina gani kuwa?" ya tambaye ta, bai juyo ba. "Matso nan, daga nan ta fi fitowa."

Ta matsa ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi, ta ba ƙubbar baya. Ya ɗaga hannu ya fara addu'a, yana ambaton uwarsa, da 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, da ita. Ta ɗaga nata hannuwan masu warin aidin, tana kallon tamfol, tana cewa amin.